Saiwar Tumatir a Bayan Gilashi

Malam Uzairu mutumin Nariya ne, kuma tun yana saurayi sana'arsa ɗaya ce, lambu. Tumatir da tattasai da albasa yake yi a fadamar da ke bayan gari, idan zafi ya shigo ya ƙara da kuɓewa. Masu lambu da yawa gurinsa suke zuwa neman tsiron da za su dasa, har daga Kahu, domin an san wanda ya fito daga hannunsa bai cika mutuwa bayan dashe ba. Ba mai yawan magana ba ne. Idan aka tambaye shi yadda yake yi, ya fi son ya tsuguna ya nuna da hannu.

A shekarar da abin ya faru, an gama yankan dawa ke nan. Wata safiya ya ɗauki buta zai yi alwala, butar ta suɓuce daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka ya kasa miƙewa. Aka kai shi asibiti a Rano, likita ya ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo shi, hannunsa na dama da ƙafarsa ba sa yi masa biyayya, harshensa kuma ya yi nauyi, sai mutum ya kasa kunne sosai kafin ya gane abin da yake faɗa.

Matarsa Inna Kulu ta shimfiɗa masa katifa a zaure don ya riƙa ganin mutane. Mutane kuwa suka yi ta zuwa dubiya, amma shi ba ya son su daɗe. Da an gaisa sai ya juya fuska wajen bango. Ɗansa Murtala ne ya karɓi lambun. Kullum da yamma yakan zo ya zauna ya faɗa masa abin da aka yi, an gyara fangali kaza, an zuba iri, an tayar da injin ban ruwa. Amsar Malam ɗaya ce, ya yi yadda ya gani. Abinci ma sai Inna Kulu ta yi da gaske yake cin loma biyu.

'Yarsa Suwaiba tana aure a Rano, tana koyar da ilimin aikin gona a wata makarantar sakandare. Duk Asabar takan zo ta yini. Ta lura maganin asibiti yana aiki, ƙafar ta fara motsi, amma mahaifin nata kullum ƙara shiga cikin kansa yake yi. Ta gane ba hannun ne kaɗai yake damunsa ba. Mutumin da bai taɓa yini bai taɓa ƙasa ba, yau ga shi farcensa fes.

Wata Asabar ta sauko daga kan babur rungume da wani abu naɗe a zani. Akwati ne na katako da kafinta ya haɗa mata don ɗalibanta, dogo, siriri, faɗin cikinsa bai wuce yatsa uku ba. Gefe ɗaya ba katako ba ne, gilashin taga ne aka zura a cikin tsaga, aka rufe shi da baƙin ƙyalle. Ta sa Murtala ya ɗebo mata ƙasa daga lambu. Kafin ta zuba, ta ɗebi kaɗan ta sa wa mahaifinta a tafin hannun hagu. Ya murza ta da yatsunsa, ya kai hanci, sannan ya ce wannan ta gindin mangwaro ce, ta gabas ta fi ta yashi. Murtala ya ce haka ne, can ya ɗebo. Tun da aka dawo da shi gida, wannan ce magana mafi tsawo da ya yi.

Suwaiba ta cika akwatin, ta karɓo irin tumatir ɗin da shi da kansa ya ajiye bara a ƙullin tsumma, ta jera ƙwaya kaɗan daf da gilashin, ta yayyafa ruwa. Ta jingine akwatin a karkace, gefen gilashi yana ƙasa-ƙasa, a bakin ƙofa inda hantsi ke taɓawa. Ta yi masa bayani cewa saiwa ƙasa take nufa, idan akwatin ya karkata dole ta bi jikin gilashin, za a gan ta. Ƙyallen kuma saboda saiwa ba ta son haske, sau ɗaya a rana za a ɗaga a duba a mayar.

Malam Uzairu ya dubi akwatin, ya dube ta.

"Ni da na tsufa a lambu, yau a akwati za a kawo mini shi?"

"Ba don kai ba ne, Baba," in ji ta. "Na ɗalibaina ne. A makaranta awaki suke cinye mini. Ka riƙe mini amana kawai."

Bai ce to ba, bai kuma ce a ɗauke ba.

Inna Kulu ce ta ba ta labarin abin da ya biyo baya. Ta ce kwanakin farko ko kallon wajen bai yi ba, ita take zuba ruwa. Har tsiron ya fasa ƙasa ya buɗe kunnuwa biyu bai kula ba. Sai wata safiya ta shigo da koko ta same shi ya jawo jiki har bakin ƙofa, ƙyallen yana ɗage, fuskarsa daf da gilashin. Ta ajiye kokon ta fita. Da ta dawo ɗaukar kwano ta tarar ya shanye, kuma bai matsa daga wajen ba.

Abin da ya gani farin zare ne siriri, ya sauka daga ƙwayar irin ya miƙe ƙasa. Kusa da bakinsa akwai wani farin gashi mai laushi kamar na jikin sabon ɗan tsako. Washegari zaren ya ƙara tsawo. Malam ya sa aka miƙo masa gawayi, ya riƙa ɗiga alama a jikin gilashi inda bakin saiwar ya tsaya, gobe ya ga ta wuce alamar. Can kuma sai ya ga wasu ƙananan ƙuraje sun ɓullo a jikinta daga sama, suka tsawaita suka zama 'ya'yan saiwa, suka nufi dama da hagu.

Da Suwaiba ta zo, ko mayafinta ba ta cire ba ya kira ta. Maganar tana fita da ƙyar, amma bai bari ba sai da ya kai ƙarshe. Ya ce shi tumatir ɗin da ya tuge a rayuwarsa ba ya ƙirguwa, kuma ya ɗauka ya san saiwa. Ashe kullum a tsinke yake ganinta, a dunƙule da laka.

"Gawarta na sani," ya ce. "Ban taɓa ganinta tana tafiya ba."

Ya nuna mata abin da ya ɗaure masa kai. 'Ya'yan ba sa fitowa a baki inda uwar take tsawo, sai can baya, an bar tazara. Na sama su ne manya, na ƙasa ƙanana, bi da bi, babu wadda ta tsallake yayarta. Ya tambaye ta ko a littafinsu an faɗi dalili.

Ta zauna a gefen katifar ta ce an faɗa. Bakin saiwa shi ne mai huda ƙasa, kuma yayin da yake wucewa yana barin wuraren da za su iya yin reshe nan gaba, sai sun ɗan ƙosa suke tashi. Ta ce reshen sama daga ido yake fitowa, a bayan fata, kowa yana ganinsa. Na saiwa kuwa daga can ciki yake farawa, kusa da tsakiyar da ruwa yake bi, sannan ya huda naman uwar ya fito waje. Ta zaro tsiro ɗaya daga cikin waɗanda suka cunkushe, ta wanke, ta tsaga saiwar da reza, ta fito da gilashin ƙara girman abu daga jakarta ta riƙe masa. Ya daɗe yana dubawa. Ya ga ɗan ƙullutu fari a ciki, ya nufo waje, bai riga ya fasa ba. Ya yi tasbihi a hankali, ya ce a sake riƙe masa.

Akwai wani tsingaro da ya shigo cikin ƙasar ba a sani ba, ya tokare a jikin gilashi. Saiwa ɗaya ta sauko ta ci karo da shi. Malam ya zuba ido ya ga abin da za ta yi. Ba ta tsaya ba, ta kwanta ta bi bayan tsingaron har ta kai gefe, ta sake lanƙwasawa ƙasa. Bayan 'yan kwanaki, daidai gwiwar da ta lanƙwasa, ta bayan lanƙwasar, sabon reshe ya ɓullo. Ya ajiye wannan a ransa har Asabar. Suwaiba ta ce ta taɓa karanta haka, amma ita ma ba ta taɓa gani da idonta ba, kuma ba ta san ko kullum haka yake faruwa ba. Ya ce ai sai a gwada. Ta kawo akwati na biyu, ya sa ta jera tsakuwa a hanyar kowace saiwa. Yawancinsu suka yi yadda ta farko ta yi, ɗaya ta ƙi. Suka yi ta muhawara a kan wadda ta ƙi, ba su cimma matsaya ba.

Cikin masu zuwa dubiya akwai Isiyaku, Bafulatani da iyayensa suka zauna a gefen Nariya tun kafin a haife shi. Yana noma, yana kuma da shanu. Shekara da shekaru shanunsa ne ke cin karan gonar Malam bayan girbi, shi kuma Malam daga garkensa yake samun taki. Isiyaku yakan zo da ƙwaryar nono ya zauna shiru, domin shi ma ba gwanin zance ba ne. Ranar da Malam ya ɗaga masa ƙyallen, Isiyaku ya dafa sandarsa ya sunkuya, ya ce shi duk zatonsa abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hargitse yake, ashe da tsarinsa.

Malam ya ce ya kawo masa kashin shanu wanda ya ruɓe sosai, dunƙule ɗaya. Aka tura shi da tsinke a gefe guda na akwatin, can ƙasa, nesa da tsiron. 'Ya'yan saiwar da suka nufi ɗaya gefen suka yi ta tafiya dogaye, sirara, da ƙyar suke yin reshe. Wadda ta faɗa cikin takin kuwa sai ta tsaya ta yi ta haihuwa, 'ya'ya suka yi jikoki, wajen ya cika fari fat kamar an tura tsintsiya. Isiyaku ya yi dariya ya ce ashe ita ma ta san inda kiwo yake. Daga nan duk wanda ya shigo zauren sai Malam ya nuna masa. Da yawan bayanin nan harshensa ya fara sakewa. Inna Kulu kuma ta lura Suwaiba ta ɓangaren damansa take jingine akwatunan kullum, har ya gaji da juyawa ya fara kai wa ƙyallen hannun da ba shi da lafiya. Da farko yatsun zamewa suke yi. Daga baya suka fara kamawa.

Sun taɓa samun saɓani a kan tsinke saiwa. Malam ya ce mahaifinsa idan zai yi dashe yakan tsinke bakin uwar saiwar da farce, shi ma haka ya yi duk rayuwarsa, kuma tumatir ɗin yana kamawa da ƙarfi. Suwaiba ta ce ita tana hana ɗalibanta, domin idan aka cire bakin nan shukar ta rasa mai nemo mata ruwa daga nesa. Suka zare gilashin a hankali, ta yanke bakin ɗaya da reza, ta bar ɗayar da ke kusa da ita. Wadda aka yanke ta daina sauka, amma ta fesa rassa masu kauri ta kowane gefe. Wadda aka bari ta ci gaba da nutsawa har ta taɓa gindin akwati. Malam ya ce to, a fadama inda ruwa yake kusa, gaskiyar mahaifinsa ce, a jigawa kuma gaskiyarta. Ta ce za ta gyara abin da take koyarwa.

Ana cikin haka Murtala ya rage zama idan ya zo da yamma. Sai ya gaisa ya ce komai lafiya ya tashi. Malam ya lura, amma bai tambaya ba, sai ranar da Isiyaku ya ce ya bi ta lambun da rana tsaka ya ga tumatir ya sunkuyar da kai. Da aka kira Murtala ya ce haka ne. Tun da ya fara fure, da rana ta take sai ya yi yaushi, da yamma ya farfaɗo, furen kuma yana zubewa. Ya ce bai taɓa fashin ban ruwa ba, kullum da safe sai ya zagaye duk fangalin. Ya yi feshi ma bai ga canji ba. Bai faɗa ba ne don kada ya ƙara wa mahaifinsa damuwa. Ya ce bari ya je ya tugo ɗaya ya kawo.

"Kada ka tuge," in ji Malam. "Idan ka tuge ba abin da za mu gani. Ni za a kai."

Inna Kulu ta ce sam, likita bai ce ya fita ba, kuma babur ba zai yiwu ba. Isiyaku ya ce shi yana da amalanke, bijimansa kuma ba sa gaggawa. Aka bari sai Asabar don Suwaiba ta kasance. Aka shimfiɗa katifa a cikin amalanken, Murtala da Isiyaku suka ɗaga shi suka zaunar, Inna Kulu ta tura masa matashi a baya tana ta jan kunnen kowa. A hanya mutane suka riƙa tsayawa suna yi masa barka da fitowa, yana ɗaga musu hannun hagu. Da suka gangara fadamar, warin ɗanyen ganyen tumatir ya bugo su. Suwaiba tana tafiya a gefen amalanken, ta ga ya rufe ido.

Aka zaunar da shi a bakin fangali. Ya sa Murtala ya haƙa rami a gefen wata shuka, ba daf da ita ba, ya yanka bangon ramin a tsaye, sannan ya riƙa zuba ruwa da buta a hankali yana wanke ƙasar. Saiwoyin suka bayyana. Dukkansu a sama suke, ba su wuce zurfin tafin hannu ba, sun bazu a kwance suna cuɗe da juna. Daga nan zuwa ƙasa babu komai. Malam ya ce a miƙo masa ƙasar gindin ramin. Ya murza ta, ta zube a bushe.

Ya tambayi Murtala yadda yake ba da ruwan. Murtala ya ce da ya ga lambun da faɗi, kuma yana son kowane fangali ya samu kullum, sai yake buɗe wa kowanne kaɗan, da ruwa ya rufe fuskar ƙasa ya toshe ya wuce na gaba. Yana faɗa yana kallon ƙasa, yana jiran faɗa.

Malam bai yi faɗa ba. Ya ce masa ya dubi ramin da kyau, shukar ba ta yi laifi ba, shi ma ba ragwanci ya yi ba. Inda ta sami danshi nan ta yi rassa. Kullum ruwa yana zuwa mata a sama, ba ta ga dalilin sauka ba. Yanzu da ta girma, rana tana busar da saman nan kafin azahar, ba ta da wani wajen da za ta sha. Ya ce a raba lambun, a riƙa cika fangali ruwa ya nutse sosai, sannan a bar shi sai sama ta bushe.

Suwaiba ta ce ita tana tsoron a yi haka farat ɗaya, tunda duk saiwar a sama take, idan aka daɗe ba a ba ta ba za ta ƙone kafin ta kai ƙasa. Gara a riƙa tsawaita tazarar a hankali, a kuma rufe gindin da busasshiyar ciyawa. Malam ya ce wa Murtala ya bi maganar yayarsa. Isiyaku ya ce yana da ɓawon gyaɗa da ragowar harawa da shanu suka tattake, zai kawo.

Ba duka aka ceto ba. Layin da ke bakin hanya, inda ƙasa ta fi tauri, bai farfaɗo ba, Murtala ya cire shi ya zuba alayyafo. Sauran kuwa suka daina sunkuyawa, furen da ya biyo baya ya kama. Da aka sake haƙa rami bayan wani lokaci, aka ga sababbin fararen saiwoyi sun nufi ƙasa. Tumatir ɗin shekarar bai kai na shekarun Malam ba, amma an cika kwanduna, motar 'yan sari ta zo har bakin fadama.

Malam Uzairu bai koma yadda yake da ba. Ya dai kai ga tafiya da sanda yana jan ƙafa, hannun kuma yana riƙe kofi. Fartanya ta fi ƙarfinsa har yau. Amma duk ranar da Isiyaku ba ya bukatar amalanke, yakan biyo ya ɗauke shi, ya yini a lambu yana kallon aiki. A zaure kuma akwatunan suka ƙaru. Ya sa an shuka albasa, ya ga tata saiwar duk daga gindi ɗaya take fitowa kamar gemu, ba ta damu da yin reshe ba. Ya sa an shuka kuɓewa, ya ga ita tun tana ƙarama take nutsawa da ƙarfi. Suwaiba ta fara kawo ɗalibanta 'yan aji uku su gani, ta koma gefe ta bar shi yana yi musu bayani da nauyin harshensa, su kuma suna matsowa don su ji.

Wata rana da la'asar, bayan ɗaliban sun tafi, Isiyaku ya daɗe a tsaye a bakin zauren yana juya sandarsa. Can ya kwance bakin rigarsa ya fito da wani ɗan ƙulli. Irin gamba ne da ya zage a bakin rafi. Ya ce shi tun yana yaro yake mamakin ciyawar nan, wuta ta cinye ta, shanu su tattake ta, rani ya wuce a kanta, amma da an yi yayyafin farko ita ce take fara yin kore. Yana so ya ga abin da take ɓoyewa a ƙasa, idan Malam yana da akwatin da ba a sa komai ba.

Malam ya karɓi ƙullin ya zazzage a tafin hannunsa, ya hura ƙaiƙayin. Ya ce bai taɓa shuka ciyawa da gangan ba, duk rayuwarsa cire ta yake yi. Sannan ya juya wajen Suwaiba ya ce ta faɗa wa kafintan nan ya yi musu wani akwatin, amma wannan karon ya ninka tsawonsa, domin yana zaton waɗannan ba za su ishe ta ba.